Yadda Ake Saita Famfon Injekta na Motar Dizal Bayan An Sa Manyan Nozul

Tambayar da aka fi yawan yi a kan wannan aiki kusan iri ɗaya ce. An canza wa mota injekta, an sa masu manyan nozul, wato masu manyan ƙofofin fesa mai, ƙarfi ya ɗan ƙaru, amma hayaƙi ya turnuƙe, silo, wato juyin inji a tsaye ba a taka totur ba, ya ƙi zama, shan mai kuma ya ƙaru. To me za a taɓa a jikin famfo?

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, famfon nan da tsofaffin injektoci aka saita shi. Sababbin sun fi saurin sakin mai, kuma a kan saitin da yake a da, man da ke shiga silinda ya fi na da yawa. Saboda haka aikin farko ragewa ne da aunawa, ƙari sai daga baya, shi ma kaɗan-kaɗan. Yawancin alƙaluman da ke ƙasa na injin Cummins 5.9 mai bawul 12 ne, domin ya zo da famfo iri biyu da aka fi sani. Idan injinka daban ne, tsarin matakan bai canza ba, amma lambar da ke littafin injinka ita ce gaba da kowace.

1. Gane irin famfonka

Dubi inda bututan injekta suke fitowa. Idan sun fito a da'ira daga bayan famfo, famfo mai juyawa ne irin Bosch VE, wanda ke kan Cummins na 1989 zuwa 1993. Irinsa ne Denso ya yi wa injin Toyota 1HZ da 1HD-T. Idan bututan sun jeru a layi ɗaya a saman famfo, famfon jere ne, kamar P7100 da ke kan Cummins na 1994 zuwa 1998, ko dangin A da MW da P da ake samu a tsofaffin manyan motoci. Waɗannan biyu su ake saitawa da sifana da sukudireba.

Idan kuwa famfon na da babban soket na waya, kamar VP44, ko bututan duk suna fitowa daga dogon ƙarfe guda da ke tara mai, to kwamfuta ce ke raba man. Karanta mataki na 2 zuwa na 4, sannan ka tsallaka zuwa na 10. Babu sukurun da za ka murɗa a can ya yi maka aiki.

Gargaɗi: a ƙasashe da yawa, karya hatimin famfo da ƙara hayaƙi laifi ne ga motar da ke hawa titi, kuma yana soke garanti. Bincika dokar inda motar ke aiki kafin ka cire hatimi.

2. Tabbatar da injektocin kafin ka ɗora wa famfo laifi

Kaso mai yawa na abin da ake kira matsalar famfo daga injekta yake. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko matsin da injekta ke buɗewa a kai. A kai su kan na'urar gwaji ta hannu, a ga lambar da kowace ke fesawa. Na Cummins mai VE bar 245 ne, na mai P7100 kuma bar 260. Nemi a haɗa su duka kada bambancinsu ya wuce bar 5, da siraran washa ake daidaitawa. Wannan lamba tana taɓa taimin, wato lokacin da mai ke shiga silinda, kai tsaye: injektar da ke buɗewa a matsi mai yawa tana jinkirta shigar mai, mai buɗewa a ƙasa kuma tana sakinsa da wuri. Idan injektocin shida suka sha bamban, kowace silinda da nata taimin ke nan, kuma babu saitin famfo da zai gyara wannan. A wajen gwajin a riƙe matsi ɗan ƙasa da na buɗewa na daƙiƙa 10, a ga ko bakin nozul zai jiƙe. Mai ɗiga a mayar da ita.

Na biyu kusurwar feshi. Dole man ya faɗa cikin ramin da ke kan fistin. Cummins masu intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, suna amfani da digiri 145, na farko marasa intakula kuma 155. Aka sa wadda ba ta dace ba, man zai riƙa dukan leɓen fistin ko bangon silinda, ya kawo farin hayaƙi da zafi, ya kuma wanke baƙin man da ke kare ringi.

Na uku washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin injekta. Kaurinta ne ke yanke iyakar yadda bakin nozul zai leƙo cikin silinda. A sa sabuwa, mai kaurin da mai nozul ɗin ya faɗa. Haska tocila cikin kowane rami, domin tsohuwar washa takan maƙale a ciki, a ɗora sabuwa a kanta ba a sani ba. Silinda guda mai hayaƙi da ƙara sau da yawa wannan ne dalilinta. Notin da ke danne injekta a Cummins mai bawul 12 ana ɗaure shi a Nm 60.

Na huɗu girman nozul ɗin kansa. Rubutu irin 5x.012 yana nufin ƙofa biyar, kowace faɗinta inci 0.012. Motar aiki mai turbo na asali, 5x.012 ya ishe ta. Daga 5x.016 zuwa sama kuwa, ba tare da babban turbo ba, duk saitin da za ka yi ƙoƙarin hana man da ka saya shiga ne kawai.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa hannu gaban feshin injekta, ko ka shafa bututu kana neman yoyo inji na aiki. Man yana huda fata, ramin ƙarami ne amma yana iya jawo yanke yatsa. Da kwali ake neman yoyo. Wanda ya same shi ya tafi asibiti nan take.

3. Geji da kayan aiki

Geji uku ne ba a fara aikin nan ba su: na zafin iskar salansa, na matsin iskar turbo, da na matsin man da ke shiga famfo. Na zafin shi ne alƙali. Hayaƙi yana iya yin fes alhali fistin na dahuwa, musamman a doguwar hawa da lodi.

A dasa bakin gejin zafi a jikin manifol, wato ƙarfen da ke tara iskar salansa daga silindu, kafin turbo. Wanda aka dasa bayan turbo yana nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 zuwa 150 a ma'aunin Selsiyas, wani lokaci fiye, kuma tazarar tana ƙaruwa daidai lokacin da injin ke cikin haɗari. A inji mai silinda shida a jere, a huda ɓangaren da ke ɗaukar silindun baya, su suka fi zafi. Idan ba za a cire turbo ba, a shafa giris a bakin abin huda da na yanka zare domin ya kama ɓarɓashi, a bi da maganaɗisu a tsince sauran.

Sauran kayan: agogon awo mai allura da adaftar da ta dace da famfonka, sifanar ɗauri mai auna ƙarfi, sifanar bututun injekta, filagej na tafet, abin juya inji da hannu, alƙalamin fenti, da littafin rubutu. Mai P7100 zai ƙara da abin zare giya da soket na musamman na dilibari bawul, wato bawul ɗin da mai ke bi ya fita daga famfo zuwa bututun injekta.

Ta fuskar kuɗi, geji da agogon awo ƙaramin kashi ne. Kai famfo kan bencin gwaji ya fi su tsada, amma idan famfon ya tsufa ko ba a san hannun da ya bi ba, gara a biya, domin a can ne kawai ake tabbatar da kowace fulanja, wato ɗan fistin da ke tura mai a cikin famfo, tana ba da mai daidai da 'yar'uwarta. Babban kashi shi ne gaskit ɗin tof, fistin da kuloci, wato abin da ake saya idan aka tsallake na farkon.

4. Iska da mai su wadata tukuna

Sa sabuwar filtar iska da ta mai. Saita tafet inji na sanyi: a Cummins mai bawul 12, milimita 0.25 a bawul ɗin shiga, 0.51 a na fita. Sannan toshe bakin turbo, ka hura iska kamar psi 15 zuwa 20 cikin layin, ka fesa ruwan sabulu a kan tiyo, kilif da intakula. Duk inda ya yi kumfa, iskar da injin ke buƙata ce ke gudu. Kada a manta da siririn tiyon da ke kai iskar turbo kan famfo. Idan ya tsage, famfon zai ɗauka turbo bai tashi ba, ya hana mai, mai gyara kuma ya yi ta murɗa babban sukuru yana neman ƙarfin da tiyo ya riƙe.

Duba matsin mai. P7100 yana son psi 17 zuwa 22 a silo, da 25 zuwa 35 a juyi 2,500 a minti ba lodi. Idan ya gaza, a duba ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, da bawul ɗin da ke mayar da rarar mai, wanda sifirinsa ke yin laushi da tsufa. VE ba ya son matsi mai yawa, psi kaɗan ya ishe shi, idan aka cika masa sai sil ɗin gaba ya buɗe, dizal ya gangara cikin baƙin mai. Cire iska daga layi gaba ɗaya, domin iska a cikin mai tana jinkirta feshi, ta ba da alamomin da suka yi kama da taimin ya yi baya.

5. Yi alama, ka shirya hanyar kashe inji

Kafin ka kwance komai, ja layin fenti a kan kowane sukuru da jikin da yake zaune, ka ƙirga zaren da ya fito waje, ka ɗauki hoto. Ja layi da ƙarfe mai tsini tsakanin jikin famfo da murfin taimin. Duk canjin da ka yi, rubuta shi da abin da ya haifar. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda.

Gargaɗi: cire tiyon da ke shiga turbo, ka tanadi katako mai faɗi da kauri wanda zai rufe bakin ruf, wani ya tsaya da shi a hannu duk lokacin da za a tada inji bayan an taɓa mai. Injin dizal da mai ya yi wa yawa yana iya ƙwacewa ya yi ta hawa har ya tarwatse, kuma ba kullum makulli ke kashe shi ba. Toshe iska ne ke kashe shi. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba, turbo zai haɗiye su.

6. Taimin

Wannan shi ne tushen sauran saitin, shi ya sa yake zuwa kafin yawan mai. Idan aka ce taimin ya yi gaba, mai yana shiga da wuri kafin fistin ya kai ƙololuwa. Ya yi baya kuwa, yana shiga a makare.

Fara da kawo fistin na ɗaya ƙololuwa a zagayen matsi, wato bawul ɗinsa biyu a rufe. Kullum a iso alamar ta hanyar da inji ke juyawa. Idan ka wuce, koma baya sosai ka sake tahowa, domin wasan da ke tsakanin haƙoran giya yana ɓata awo. Cummins na da ɗan fin a ƙarƙashin famfo da ake turawa cikin ramin giyar kamshaf. Zare shi kafin ka sake juya inji, in ba haka ba bakinsa zai karye.

A famfon VE: kwance notin da ke tsakiyar bututan a bayan famfo, ka ɗaura adafta da agogon awo, ka danna shi kamar milimita 2. Juya inji baya a hankali har allura ta daina motsi, ka mayar da agogon sifili. Juya gaba zuwa ƙololuwa, ka karanta. Abin da ka gani shi ne tashin fulanja. A Cummins mai intakula milimita 1.25 ne, marar intakula 1.40. Idan famfon na da na'urar da ke tura taimin gaba lokacin sanyi, a tabbatar ba ta aiki yayin awon, kamar yadda littafin injin ya nuna. Don gyarawa, sassauta notocin da ke riƙe famfo, da na mariƙin baya, da bututan injekta, ka juya jikin famfon. Juya shi kishiyar yadda sandarsa ke juyawa yana tura taimin gaba, lambar ta hau. Ɗaure, ka sake awon daga farko, domin famfo yakan motsa wajen ɗauri. Sa sabuwar washa a notin tsakiya.

A famfon jere akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ta ɗigo, wadda ake yi wa yawancin tsofaffin manyan motoci. A cire dilibari bawul na ɗaya, a mayar da mazauninsa, a ɗaura ɗan bututu mai lanƙwasa, a buɗe totur gaba ɗaya, a riƙa buga famfon hannu. Mai zai riƙa zuba. A juya inji a hankali har zubar ta koma ɗigo jefi-jefi. Wannan gaɓar ita ce farkon feshi, sai a karanta digirin da ke kan fulawil ko fuli.

Ta biyu ita ce ta agogon awo, wadda aka fi yi wa P7100. A cire dilibari bawul na ɗaya, a ɗora agogon a kan fulanja, a nemo ƙasan tafiyarta a sa sifili, a juya har ta tashi zuwa lambar da jadawalin famfon ya ba wa digirin da ake so. Jadawalin ya danganta da lambar CPL da ke kan farantin injin, kada a ari na wani famfo. Daga nan a kwance notin giyar famfo, a zare giyar daga kan sandar, a mayar da inji ƙololuwa, a sake ɗaurewa. Giyar ba ta da ki, matsewa kawai ke riƙe ta, don haka a wanke sandar da ramin giyar tas, su bushe ƙarau, a ɗaure a Nm 195. Ɗigon mai guda a wajen ya isa taimin ya zame baya cikin 'yan kwanaki.

Gargaɗi: toshe gefen ramin da tsumma mai tsabta lokacin cire noti da washar giyar. Suka faɗa cikin murfin taimin, aikin rabin yini ya zama na kwana biyu. Sannan kada ka taɓa notoci biyun da ke gefen kowace fulanja a saman famfo. Su ke riƙe daidaiton da aka yi a benci.

Nawa za a tura? Ra'ayina shi ne a fara mayar da taimin kan lambar kamfani, a gwada. Motoci da yawa da ake cewa suna son ƙarin taimin, nasu ne ya zame tun tuni. Idan bayan haka farin hayaƙi bai ɗauke ba inji na da zafi, kuma gejin salansa na hawa da wuri, sai a tura kaɗan: milimita 0.05 zuwa 0.10 a VE, digiri ɗaya a famfon jere. P7100 yana fitowa tsakanin digiri 12 da 14, kuma 15 zuwa 16 ne inda akasari ake tsayawa da gaskit na asali. Ƙarin taimin yana sauke zafin salansa, amma yana ƙara matsi a cikin silinda, yana kuma jinkirta tashin turbo. Alamar an wuce gona da iri ita ce ƙara mai kaifi kamar ana buga ƙarfe, musamman da sanyin safiya, daga baya kuma ruwan lagireto ya fara kumfa saboda gaskit ya saki.

7. Babban mai da silo

A VE, babban sukurun mai yana bayan famfo kusa da bututai, da notin kulle na milimita 13 a Cummins. Murɗa shi ciki ƙarin mai ne, waje ragi. Bayan manyan nozul, dawo da shi waje kwata ko rabin zagaye kafin tashin farko. Silo zai faɗi, a ɗaga shi da sukurun silo da ke wajen hannun totur, a tsayar tsakanin juyi 750 da 850 inji na da zafi. Sukurun nan biyu a haɗe suke: duk lokacin da ka taɓa babban, sai ka koma kan silo.

Idan gwaji ya nuna akwai sauran wuri, a ƙara kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, iyaka kwata. Bayan kowane ƙari, taka totur ka saki. Juyin ya faɗo nan take. Idan ya rataye a sama yana saukowa a hankali, ka kusa inda inji ke ƙwacewa, koma baya rabin zagaye ba tare da jayayya ba.

A P7100, farantin mai ne ke iyakance tafiyar sandar da ke buɗe fulanjoji. Yana ƙarƙashin gidan da tiyon turbo ke shiga, sukuru biyu ke riƙe shi. Tura shi gaba, wajen lagireto, ƙarin mai ne, baya ragi. Ja layi a inda yake, ka matsa shi milimita ɗaya a lokaci guda. Masu cire farantin gaba ɗaya suna cire iyakar da ke kare injin ne, motar da ke ɗaukar kaya ba a yi mata haka.

Sukurun iyakar juyi da sifirin gwamna, wato na'urar da ke daidaita juyin inji, a bar su yadda suke a wannan zagayen. Sifirin da ke kai inji juyi 4,000 yana buƙatar a canza sifirin bawul ma, kuma aiki ne na daban.

8. Man da ke shiga kafin turbo ya tashi

A nan yawancin baƙin hayaƙin tashi yake, kuma a nan ne manyan nozul suka fi buƙatar haƙuri. A kan famfon injin turbo akwai gida mai fatar roba da sifirin a ciki. Aikinsa ya riƙe mai har sai iskar turbo ta iso. Wuri uku ake taɓawa, kowanne da lokacin da yake aiki.

Sukurun hayaƙi shi ke yanke man da ke shiga lokacin da babu matsin turbo ko kaɗan, wato tashi daga tsaye. A VE yana tsakiyar murfin sama, a P7100 yana bayan gidan ƙarƙashin ƙaramin murfi. Ciki ƙari, waje ragi. Idan mota na tulo baƙi da zarar an taɓa totur, dawo da shi waje rabin zagaye. Idan ta koma ba ta iya tashi da lodi sai an ja kuloci, ka rage da yawa.

Sai faifai mai haƙora da sifirin ke zaune a kai. Shi ke yanke saurin da mai ke ƙaruwa yayin da turbo ke tashi. Matse sifirin yana jinkirta mai, sassauta shi yana kawo shi da wuri. A VE sai an ɗaga fatar robar ake ganinsa, murɗa shi ƙasa sassautawa ne, sama matsewa. A P7100 ana kai masa ta ramin da ke saman gidan bayan an cire toshiyarsa, tura haƙoransa wajen inji sassautawa ne. Hayaƙin da ke fitowa a tsakiyar hawa, ya ɗauke da turbo ya cika, maganinsa matse sifirin. A VE kwata ko rabin zagaye, a P7100 haƙora kaɗan, sannan a gwada.

Na uku, a VE kaɗai, sandar da ke manne da fatar robar. Ƙasanta a fiƙe yake, amma fiƙar ba ta daidaita a kowane gefe ba. Gefen da ya fi zurfi idan ya fuskanci ɗan fin da ke bin ta, mai ya fi yawa a cikakken turbo. Juya ta zuwa gefe marar zurfi hanya ce mai kyau ta sauke zafin sama ba tare da an kashe tashi ba. A P7100 makamancin wannan shi ne zame gidan kansa gaba ko baya.

Gargaɗi: yi alamar inda fatar ke fuskanta kafin ka ɗaga ta. Idan ka zare sandar, kada a taɓa totur, domin ɗan fin zai leƙo cikin ramin ya tare hanya. In ya leƙo, tura shi baya da bakin sukudireba, kada ka danna sandar da ƙarfi. Duba fatar da haske, mai huji a canza ta.

9. Gwaji a kan hanya

Taka totur a gareji ba gwaji ba ne, domin ba lodi turbo ba ya tashi. A ɗumama inji sosai, a ɗora irin kayan da motar ke ɗauka, a nemi hawa mai tsawo, kuma hawa ɗaya za a riƙa bi kowane zagaye. Mutum biyu: ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon geji da madubi yana rubutawa. A babbar giya, daga juyi kamar 1,600, a taka har ƙasa a riƙe.

Iyakar zafi kafin turbo ita ce digiri 675 na Selsiyas, daidai da 1,250 a Faranhait. Taɓa ta na daƙiƙa kaɗan ba komai, zama a kanta ne ke narka fistin. Motar aiki gara a saita ta yadda ko direba ya taka har ƙasa da cikakken lodi ba za ta wuce 650 ba, domin ba kowane direba ke kallon geji ba. A tafiyar shimfiɗa ba lodi mai nauyi, 300 zuwa 450 ake sa ran gani.

Yadda ake karanta sakamakon: baƙin hayaƙi da bai ɗauke ba ko turbo ya cika, tare da zafi, babban mai ya fi iska, a rage shi ko a ƙara iska. Zafi na hawa, matsin turbo ya tsaya wuri ɗaya, bawul ɗin da ke sakin rarar iskar salansa yana buɗewa da wuri, ko turbo ya kai iyakarsa. A Cummins mai turbo HX35, wuce psi 35 iska mai zafi kawai yake ƙarawa. Fari ko toka-toka mai yaji a ido, man da bai ƙone ba ne: taimin, iska a layi, ko nozul. Shuɗi baƙin mai ne, ba laifin famfo ba ne. Juyi na hawa gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ya fara zamewa, a saki totur nan da nan. Ɗan hazo a silo da sanyi kuwa halin manyan nozul ne, saboda ba sa niƙa mai sosai a ƙaramin juyi. Kada a bi shi da taimin har a ƙona gaskit.

Bayan hawa, bar inji a silo har gejin ya sauko ƙasa da 175 kafin a kashe, domin baƙin man da ke cikin turbo kada ya ƙone.

10. Idan kwamfuta ce ke raba mai

A injin da ke tara mai a dogon ƙarfe guda, akasari injekta tana zuwa da lambar gyara a jikinta, Bosch da Denso da Delphi duk suna yin haka. A shigar da lambar kowace a silindar da aka sa ta, da na'urar duba mota, a kuma sa kwamfutar ta sake koyon ƙaramin feshin farko idan injin na da wannan tsari. Manyan nozul suna buƙatar a sake rubuta taswirar mai, a gajarta lokacin buɗewa, in ba haka ba kwamfutar za ta ci gaba da lissafi da tsohon girma. Wajen gwaji a kalli matsin da kwamfuta ta nema da wanda aka samu. Idan na biyun yana faɗuwa a cikakken lodi, famfon bai iya ciyar da nozul ɗin ba. VP44 kuwa da man da ke ratsa shi yake sanyaya, kada matsin shigarsa ya sauka ƙasa da psi 5 ko a cikakken totur, sama da 10 ya fi kwanciyar hankali.

Gargaɗi: matsin tsarin dogon ƙarfe mai tara mai yana kai bar 1,600 ko fiye. Ba a sassauta bututu inji na aiki.

11. Dubawa bayan an fara aiki

Idan saitin ya zauna, ɗaure duk notocin kulle, ka ɗiga musu sabon fenti, ka rubuta lambobin ƙarshe a ajiye cikin mota. Bayan kamar kilomita 500, sake ɗora agogon awo ka tabbatar taimin bai zame ba, musamman a P7100. Duba gindin kowace injekta ko akwai baƙin kwalta da ke nuna washa na hura iska, da bakin bututai ko suna jiƙewa. Zaro sandar baƙin mai kowace safiya a makon farko. Idan ya haura alama ko yana warin dizal, a ajiye motar: ko wata nozul na ɗiga, ko sil ɗin gaban famfo ya saki. Baƙin mai zai riƙa yin dauɗa da wuri fiye da da, don haka a rage tazarar juye shi, a canza filtarsa tare.